Kujerar Yaya a Bakin Rami

Mai bayarwa ya karɓi abinsa. Ranar Talata, shida ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya yi wa matar yayana rasuwa a ƙaramin asibitin garinmu, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Daga gare Shi muka fito, kuma can muka dosa dukkanmu. Ni Yaya nake ce mata. Sauran mutanen gari, babba da yaro, Mai Kujera suke kiranta, har akwai waɗanda suka girma ba su san tana da wani sunan ba. Ni ne kansilan wannan mazaɓa, amma a bakinta ban taɓa wuce Auta ba, ko da a gaban baƙi ne.

An so in ce wani abu ranar da muka kai ki makwanci, Yaya, tunda ni ne mai yawan magana a taro. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Shi ya sa na zauna nake rubutawa, kuma da ke zan yi magana, don ban saba ba da labarinki a bayan idonki ba.

Ina aji biyu a firamare aka kawo ki gidanmu. Ba a rufa shekara ba mahaifiyarmu ta rasu, kika ɗauke ni ba tare da kowa ya ce ki ɗauka ba. Ke kike yi mini wanka, kina dirzar bayana da soso kamar mai wanke gindin tukunya, ina ihu kina cewa datti ne ke kuka, ba ni ba. Ranar da na ɓuya a bayan rumbu don kada in je makaranta, da kunne kika jawo ni har ƙofar aji, kika miƙa ni ga malami kika ce, "Ga ajiyarku, ta ɓata hanya." Da Allah ya karɓi ran mijinki, dangi sun ɗauka za ki koma gidanku. Kika ce ai nan ne gidanku. Da kwarashi da zare kika riƙe 'ya'yanki, kina saƙa hulunan jarirai da safa, har da wuya a sami jaririn da aka haifa a garin nan bai sa aikin hannunki ba. Da yawa kyauta kika bayar, kina bayarwa kina yi wa uwar faɗa don me za ta fito da yaro kai babu hula.

Wanda bai san garinmu ba zai ce wace kujera ce wannan. Ba wata kujerar a zo a gani ba ce. 'Yar tsugunno ce ta madafa, hayaƙi ya mayar da ita baƙa, ƙafarta ɗaya ta tsage har kafinta ya ɗaure ta da waya. Shekarar da famfon burtsatsenmu ya mutu, mata suna tafiya har rafi ɗebo ruwa, kwamitin gari ya kira taro a wani aji na firamare bayan an tashi yara. Maza suka cika bencin yara, gwiwa na gogar gwiwa. Sai ga ki a bakin ƙofa. Shugaban kwamiti na lokacin, Allah ya ji ƙansa, ya ce, "Baiwar Allah, kin ga babu wurin zama. Ki faɗa wa ƙanin mijinki saƙonki, zai isar." Kika juya. Muka ɗauka magana ta ƙare. Can sai ga ki da kujerar nan a hammata, kika dire ta a bakin ƙofa kika zauna.

"Na kawo wurin zama," kika ce. "Ku ci gaba."

Aka yi ta magana har la'asar ta yi sanyi, aka tashi a kan za a sake zama. Washegari da safe sai aka gan ki a gindin mataccen famfon, kan kujerarki, kina saƙa. Duk wanda ya wuce ya tambaya ko lafiya, sai ki ce, "Lafiya lau, ruwa nake jira." Babu zagi, babu gori, babu ɗaga murya. Gobe ma haka, jibi ma haka. Hanyar masallaci ta nan ta bi, don haka babu ɗan kwamitin da ya isa ya kauce miki. Dole ya tsaya ya gaishe ki, ki amsa da fara'a, har ki tambaye shi iyali da jikin tsohuwa. Wallahi da zaginsu kika yi da sun fi samun sauƙi. Ba a jima ba aka haɗa hannu aka ɗauko makanike daga birni, ruwa ya zo, kika ɗauki kujerarki kika koma gida. Daga ranar sunanki na gaskiya ya ɓata a bakin mutane.

Tun daga nan, idan aka wayi gari aka ga kujerar a wani wuri, an san akwai magana. Ta zauna a bakin kwatar da ta toshe a bayan kasuwa. Ta zauna a gaban ajin da iska ta yaye wa kwano. Wanda na fi tunawa shi ne na malamin asibiti. Sabon zuwa ne a lokacin, matashi, kullum sai rana ta take yake buɗe asibiti, masu jego da tsofaffi suna zube a baranda suna jira. Mutane suka fusata, suka ce kwamiti ya kai ƙara a canja shi. Kika ce a dakata tukuna. Kika kai kujera bakin ƙofar asibitin, idan ya iso yana gumi sai ki ce, "Sannu da zuwa, ɗana, ka sha hanya." Bai jure ba. Wata safiya ya durƙusa a gabanki ya gaya miki gaskiya, cewa bai sami ɗaki a gari ba, daga wani ƙauye mai nisa yake zuwa a kan keke, keken ma kullum cikin faci. A ranar kika sa aka kwashe buhunan da ke ɗakin zaurenki, aka share, aka shimfiɗa masa tabarma. A gidanki ya zauna har ya yi aure. Shi ne ya riƙe hannunki ranar Talata, kuma shi muka yi ta rarrashi maimakon ya rarrashe mu.

Da aka zaɓe ni kansila, kin fi kowa murna, har da taka rawa a tsakar gida da tsufanki. Da mutane suka watse kika kira ni ɗaki kika ce, "Auta, na ji an ce kujerun majalisa laushi gare su. Ka yi hankali, irinsu barci suke sawa." Na yi dariya. Ban san ni ma za a kawo mini tawa ziyarar ba. Wata safiya na fito zan hau babur, na same ki a ƙofar gidana kina saƙa, a kan maganar kwalbatin hanyar kasuwa. Na ce, "Haba Yaya, har ni? Ni da kika yi wa wanka?" Kika ce, "Ai shi ya sa na zo da wuri, na san ba za ka bari rana ta dake ni ba." Raina ya ɓaci ranar, na tafi majalisa ina huci, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Amma an yi kwalbatin.

Sai maganar rami, wadda ita ce kika tafi kika bar mu da ita. Shekarun baya masu aikin titi suka haƙi jar ƙasa a bayan firamare. Suka gama aikinsu, suka kwashe motocinsu, suka bar mana rami mai zurfin da ya fi tsayin ɗaki. Tsakanin bakin ramin da katangar makaranta 'yar siririyar hanya ce, kuma ta nan yaran unguwar gabas suke bi, don zagayen yana da nisa, yaro kuwa ko ka yi ta faɗa ba zai zagaya ba. Da damina ta sauka bara, ramin ya cika taf, gefensa ya yi santsi. Wata rana bijimin mahauci ya je shan ruwa, ƙafarsa ta zame. Ana ji ana gani, ga maza da igiya a hannu, ya nutse. Mutane suna jajanta wa mahauci, ke kuwa kina tsaye kina kallon 'yan aji ɗaya suna wucewa ta daidai inda bijimin ya zame. Kika ce da ni, "Auta, abin da ya haɗiye sa da ƙahonsa, me zai ji idan ya haɗiye waɗannan?" Haka daminar ta ƙare, iyaye suna raka yara hannu da hannu, Allah ya tsare. Kika ce ba za a sake wata daminar da ramin nan a buɗe ba.

Na kai maganar majalisa, Allah shaida ne, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma majalisarmu tifa ɗaya gare ta da katafila ɗaya, mazaɓu kuwa kowacce da kukanta. Waɗannan gadarsu ta karye, waɗancan zaizayar ƙasa tana cin gonakinsu. Shugaban majalisa ba mugun mutum ba ne. Sai dai duk wanda ya shiga ofishinsa ce masa yake nasa ya fi gaggawa, shi kuma bai taɓa ganin raminmu da idonsa ba. Aka ce a kafa kwamiti, kwamiti ya ce a jira zama na gaba, zama na gaba aka ɗage shi. Na roƙe shi ya zo ya gani. Ya ce zai zo, kuma na san da niyyar zuwan ya faɗa, amma kullum sai wani abu ya taso.

Ke kuwa tun da zafi ya fara kika kai kujera bakin ramin. Wannan karon abin bai ci ba, Yaya, kuma kin sani. Kujerarki tana aiki ne a kan wanda zai wuce ya gan ki ya ji kunya. Masu tifa da katafila suna can hedkwata, ba ta nan suke bi ba. Mu da muke ganinki kullum, da kwando da shebur ba za mu iya cike ramin nan ba. Mun ma gwada, matasa suka wuni suna zuba ƙasa, abin da suka zuba bai rufe ko gindinsa ba. Ga rana tana dukan ki, babu inuwa sai 'yar lema, ƙafafunki sun kumbura, malamin asibiti yana ta faɗa a kan hawan jininki. Na zo na same ki, na yi lallashi, na yi faɗa.

"Yaya, don girman Allah ki tashi. Wanda kike yi dominsa ba ya ganinki. Kashe kanki za ki yi a banza."

"To ka kawo shi ya gan ni."

"Na yi iya yina, bai zo ba."

Kika ci gaba da saƙa, ko ɗagowa ba ki yi ba. "Zai zo," kika ce. "Akwai abin da ke kawo manya."

Ban gane ba a lokacin. Na tafi ina cewa a raina tsufa ne ya fara taɓa ki.

Ranar da jiri ya kwashe ki a bakin ramin, malaman makaranta ne suka ɗauke ki zuwa asibiti. 'Yarki ta fari ta ce a je a ɗauko kujerar, kika ce kul, a bar ta inda take. Da na shigo duba ki na tarar kin rame ƙwarai, amma idon nan naki yana nan yadda na san shi. Kika dubi taga kika ce, "Auta, hadari nake gani a gabas?" Na ce a'a, hayaƙin masu sharar gona ne. Kika yi murmushi kika ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. Ban san yadda aka yi ka zama ɗan siyasa ba." Maganar ƙarshe ke nan da ta shiga tsakanina da ke. Kuma hadarin ne.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, ana shirin shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don karɓar gaisuwa, sai 'yarki ta fari ta ja ni gefe, idonta jawur. Ta ce, "Baffa, Inna ta bar wasiyya. Ta ce mata su zauna a gida, amma maza a bakin rami za su karɓi gaisuwarta. Ta ce duk wanda bai zo don rami ba zai zo don ita, tunda ƙanin mijinta kansila ne. Kuma ta ce kai za ka zauna a kan kujerar."

Na rasa kuka zan yi ko dariya, sai na yi duka biyun. Sai a lokacin na gane abin da ke kawo manya. Wato kina kwance kina fama da numfashi, tunanin da kike yi ke nan! Wasu dattawan dangi suka ce ba a taɓa yi ba, abin kunya ne a tari baƙi a bayan makaranta a gefen rami. Muka kai wa liman maganar. Ya ce shi dai bai san inda aka hana ba, addu'a duk inda aka yi ta tana isa, wasiyya kuma idan babu saɓo a cikinta cika ta ake yi. Ya naɗe dardumarsa ya yi gaba, muka bi shi.

Aka kafa rumfa, aka shimfiɗa tabarmi. Ni kuma, da babbar rigata da furfurata, na tsuguna a kan kujerar madafa, gwiwoyina suna ƙara, suna neman taɓa haɓata. Na ga matasa suna danne dariya. Ban ga laifinsu ba, don da kina nan ke za ki fara. Mahauci ya kawo bencinsa, malamin asibiti ya zauna kusa da ni, gari ya taru.

Washegari wajen azahar motocin majalisa suka tsaya a ƙofar gida, aka ce musu ai kansila yana bayan makaranta. Haka shugaban majalisa da sauran kansiloli suka tako da ƙafa, suka bi ta siririyar hanyar nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tattare rigarsa yana dafa katanga. Aka gaisa, aka yi miki addu'a, aka shafa. Ban ce masa komai a kan rami ba, wannan kam ke kika koya mini. Muna zaune aka tashi makaranta. Sai ga 'yan aji ɗaya sun fito a guje suna ture juna, suka bi ta gefen ramin. Wata 'yar mitsitsiya, jakarta ta kusa fin ta girma, takalminta ya zame, ƙasa ta gangara can ƙasa, ta dafe katanga ta wuce tana dariya. Shugaba ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ya daɗe yana kallon cikin ramin, sannan ya juyo gare ni.

"Kansila, wannan ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"A nan take zama?"

Na ce a nan. Ya dubi kujerar da nake kai, ya cire tabarau ya goge ido.

Ranar Asabar da sassafe ƙarar katafila ta tashe mu. Na ji daga baya cewa kansilan da gadarsu ta karye shi da kansa ya ce a fara da mu, tunda tasu manya ne ke bi ta kanta. Allah ya saka masa da alheri, kuma na ɗauki alkawarin tsaya masa a kan tasu. A bakin ramin nake rubuta wannan, takarda a kan gwiwa, tifa tana zuwa tana juyewa tana komawa. Ba a kai rabi ba tukuna. Shekaranjiya an yi yayyafi, jiya hadari ya haɗu ya watse, kuma direban tifa ya ce idan ruwa ya sauka da ƙarfi kafin a gama, mota ba za ta iya shigowa ba. Don haka ban tashi ba. Kwanakin makoki sun wuce, an kwance rumfa an naɗe tabarmi, saura ni da kujera. Matata ta ce bayana zai ƙage, na ce ya ƙage.

Abin da ke ci mini rai, Yaya, shi ne ba ki ji ƙarar tifar nan ba. Na sha ganinki kina ɗago kai idan babbar mota ta wuce a titi, ki bi ta da ido, ki koma kan saƙarki. Yanzu ga ta tana shigowa, ni ne a zaune, ke babu. Wani lokaci haushi yake kama ni, in rasa wanda zan ji haushinsa, sai in tuna kwananki ne ya ƙare, in yi istigifari. Na yi rashin uwa sau biyu, kuma wannan na biyun, da girmana da komai, ya fi yi mini ciwo. Ranar da aka juye tifar ƙarshe aka daddaɓe wurin, zan ɗauki kujerar nan a hammata kamar yadda kike yi, in bi ta tsakiyar gari da ita in mayar da ita madafa. Kafin nan tana inda kika ce a bar ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da jikokinki, musamman 'yarki ta fari da ta riƙe wasiyyarki ba ta ji tsoron dattawa ba. Ina yi wa 'yan uwanki na jini ta'aziyya, da malamin asibiti wanda ɗanki ne ko da ba ke kika haife shi ba, da matan garin nan da suka rasa mai shiga gaba, da duk uwar da ke aika yaro makaranta ta wannan hanya. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya raya abin da kika bari, ya riƙe mana ruwan nan har a gama.

Allah ya ji ƙanki, Yaya. Ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa ranar da ta dake ki a bakin ramin nan ta zame miki inuwa ranar da babu inuwa sai tasa. Ya haɗa ki da mijinki da mahaifiyarmu a gidan rahama. Ke da aka taɓa ce wa babu wurin zama, Allah ya sa ki tarar an tanadar miki naki a Aljanna, ba sai kin koma gida kin ɗauko ba. Amin.